A raba inji da akwatin sufana: ra'ayina kan kenel ɗin Linux da kayan aikinshi

Makonni biyu da suka wuce, bayan sallar isha'i, wani ɗalibina ya same ni a ɗan ɗakin da nake koyar da kwamfuta nan wajen Ƙofar Ƙaura. Yaro ne mai ƙwazo, mutumin Mani. Ya rubuta wata 'yar manhaja ta haɗa sakamakon jarabawa don Islamiyyar unguwarsu, amma da sunayen ɗalibai sun yi yawa sai ta kama jan ƙafa. Na ce mashi ya bar canke-canke, ya kunna perf, kayan aikin auna manhaja a tsarin Linux, ya nuna mashi inda lokacin ke tafiya.

Ya buga umarnin. Kwamfuta ta ce babu perf na wannan kenel ɗin, wato ƙwayar tsarin da ke tuƙa kwamfutar, ya je ya sauko da mai lamba kaza. Ya nema a rumbun da tsarin nashi ke ɗauko manhajoji, babu mai wannan lambar.

"Malam, wallahi na saka shi watan jiya, har na gwada ya yi."

"To me ka canza tun daga lokacin?"

"Kenel kawai, Malam. Wayafai ɗina ne ba ya kamawa, aka ce in ɗora sabo."

Na jawo kwamfutar gabana. A wani lungu na faifan na tarar da perf ɗin watan jiya yana nan lafiya lau. Na kira shi kai tsaye da cikakken adireshinshi, na tsallake ɗan rubutun da aka ajiye a bakin ƙofa yana tambayar lamba. Nan take ya yi aiki. Kafin a kashe janareta mun gano cewa wajen jera sunaye ne manhajar ke cinye lokacinta.

Abin da ya tsaya mani a rai har na kasa barci da wuri shi ne wannan: kayan aikin yana nan, yana da lafiya, kenel ɗin ma ya karɓe shi. Mai gadin da aka ajiye ne kawai ya hana yaro shiga, don lambar da ke goshin wannan ba ta zo daidai da ta wancan ba.

Ra'ayina a fili yake. Kayan aikin da mutum ke kira da hannunshi, irin su perf da cpupower da turbostat da bpftool da usbip, a fitar da su daga ƙunshin kenel, wato ɗaurin fayilolin da ake sauko wa mai amfani a matsayin abu ɗaya. A gina su daban, a ba su ƙunshi guda wanda ba a ɗaure sunanshi da lambar kenel ba, su riƙa sabuntuwa a kan nasu lokacin.

Ina aka samo haɗin?

Kenel shi ne ƙwayar tsarin, shi ke magana da ƙarfen kwamfuta: ya raba wa manhajoji lokaci, ya tsare ma'adana, ya tuƙa faifai da na'urar intanet. Linus Torvalds ya fara na Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Duk abin da ba kenel ba, daga burauza har ɗan umarnin da ke lissafa fayiloli, a waje yake zaune, sai dai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya roƙi kenel abin da yake so.

Shekara da shekaru kayan aikin wajen suna gidajensu daban. A 2009, da fitowar Linux 2.6.31, aka shigo da perf cikin rumbun rubutun kenel ɗin kanshi, ƙarƙashin wata jaka mai suna tools. Hujjar Ingo Molnar, ɗaya daga cikin manyan marubutan kenel, da abokan aikinshi ita ce, wanda ya ƙara wa kenel sabuwar hanyar awo ya ƙara wa perf yadda zai karanta ta a zama ɗaya, mutane ɗaya su duba duka biyun. Daga nan jakar ta yi ta cika.

Ba ni da ja da wannan. Su rubuta a inda ya fi masu sauƙi, mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Amma inda ake rubuta abu daban, yadda ake ɗaure shi a kawo wa mai amfani daban. Masu haɗa tsarin Linux, irin su Debian da Arch da Fedora, su ne ke yanke hukunci na biyun, kuma a nan ne wasunsu suka ɗauki kusancin da ke tsakanin marubuta suka mayar da shi sarƙa a ƙafar mai amfani.

Je ka kowane gareji a garin nan. Bakanike zai sauke inji, ya canza ringi, wani lokacin ya ɗora wani injin gaba ɗaya. Ba wanda ya taɓa ce mashi sufanarshi lamba 10 ta tashi aiki tun da an canza inji, sai ya koma kasuwa ya sayo wadda aka buga wa lambar sabon. Kan ƙusar bai canza ba, don haka sufanar tana nan daram. Da kamfani ɗaya ne ya ƙera injin da sufanar ma, wannan ba zai sa a yi masu walda wuri ɗaya ba.

"Ai dole lambar ta zo ɗaya, in ba haka ba ba za su fahimci juna ba"

Wannan ce maganar da na fi ji, kuma ita ce ta fi rauni.

Babbar dokar da Torvalds ya fi tsanantawa a kai ita ce kada sabon kenel ya karya manhajar da ke aiki a waje. Ya sha yi wa manyan ma'aikatan kenel faɗa a bainar jama'a saboda ita. Ma'anarta, ƙofar da manhaja ta saba ƙwanƙwasawa bara, bana ma za ta same ta a wurin, da amsa iri ɗaya. Dokar ba ta cire perf ba don kawai a gida ɗaya aka haife su.

Ƙofar da perf ke bi sunanta perf_event_open. In zai yi roƙo, yana miƙa wa kenel wata takarda da ke bayanin abin da yake son a auna mashi, kuma a jikin takardar akwai gurbin da ke faɗin tsawonta. An sa gurbin ne da gangan. Tsohon perf ya kawo gajeriyar takarda, sabon kenel ya san tsohon yayi ce, ya karɓa. Sabon perf ya tarar da tsohon kenel da bai san wani sabon abu ba, sai ya cire wannan ɓangaren ya sake gwadawa. Wato waɗanda suka rubuta shi tun farko sun shirya wa ranar da lambobi za su saɓa.

Abin da za ka rasa in kayan aikinka ya tsufa shi ne sabon abu. Tsohon perf ba zai san sunayen ma'aunan sabon furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba, tsohon turbostat zai iya kasa gane wanda ya fito bayanshi. Gaskiya ne. Amma dubi abin da wannan ke nufi: maganin shi ne ka samu kayan aiki mafi sabunta, ko da kenel ɗinka tsoho ne. Ɗaurin lamba shi ke hana ka hakan. Mai tsohon kenel an ɗaure shi da tsohon perf, alhali sabon zai yi mashi aiki har ya fi.

Kuma ba zato nake yi ba, an riga an gwada. Arch Linux na ba da kenel iri-iri, akwai linux, akwai linux-lts mai dogon zango, akwai linux-zen da linux-hardened, kowane da lambarshi, amma perf ɗinsu ƙwaya ɗaya ne, daga wani ƙunshi daban ake gina shi. Debian 11 da ta fito a 2021 tana da perf mai lamba a jikin sunanshi, linux-perf-5.10. Da Debian 12 ta zo a 2023, sai ga shi linux-perf kawai, an cire wutsiyar. Fedora ma ta taɓa fitar da kayan zuwa nasu ƙunshin mai suna kernel-tools, ana gina shi ba tare da an taɓa kenel ba.

Ga kuma tsofaffin maƙwabta da ba su taɓa shiga gidan ba. Umarnin ip da duk mai kula da hanyar sadarwa ke bugawa kullum daga iproute2 yake, yana zaune a nashi rumbun, Stephen Hemminger ke riƙe da shi shekaru da dama. Yana bin fitowar kenel sau da ƙafa, har lambarshi irin ta kenel ce, amma ban taɓa ganin ya ƙi tashi don lambar ta bambanta ba. Haka ethtool, haka util-linux, haka e2fsprogs da ke gyara faifai. In akwai wanda ya kamata a ji tsoron saɓaninshi da kenel, ai mai taɓa faifan da ke ɗauke da dukiyar mutane ne, kuma shi a waje yake.

Ban musa ba, akwai abin da dole ya dace da kenel ƙwaya da ƙwaya. Direbobin da ake lodawa cikin kenel, da fayilolin da ake buƙata wajen gina su, waɗannan sassan inji ne, kamar fistin da ringi. Su zauna tare da shi. Maganata a kan abin da ke cikin akwatin bakanike ce.

Wa ke biyan kuɗin haɗin?

Sabon babban kenel na fitowa duk bayan mako 9 zuwa 10. Tsakaninsu kuma Greg Kroah-Hartman, mai kula da gyaran kenel ɗin da aka riga aka fitar, na fitar da ƙananan gyare-gyare kusan kowane mako. Duk sanda masu haɗa tsari suka ɗauki ɗaya suka sake gina kenel, lambar ta motsa. In kayan aiki na ɗaure da lambar, sai a sake sauko da su, ko da ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsu ba. Tsohon kuma yana nan kwance a faifai har sai ka tuna ka share.

Wanda ke zaune inda intanet ke zuba kamar famfo ba zai ma lura ba. Mu nan da awo muke sayen data. Ɗalibaina da yawa da wayarsu suke ba kwamfutar intanet, wasu sai sun jira tsakar dare lokacin da take araha. Kwamfutocin kuma yawanci 'yan Beljiyam ne, faifan ƙarami, batirin ba ya kai awa guda in an ɗauke wuta. A irin wannan hali ka ce wa yaro ya sake sayen abin da yake da shi, ban ga adalci a ciki ba.

Akwai kuma waɗanda kenel ɗinsu ba daga masu tsarin ya zo ba sam. Mai amfani da Linux a cikin Windows ta hanyar WSL2, kenel ɗinshi na Microsoft ne. Mai aiki cikin kwantena, wato ɗan keɓaɓɓen wurin da ake gudanar da manhaja a cikin wata kwamfuta, yana hawa kenel ɗin kwamfutar da ta ɗauke shi ne, wanda zai iya zama na wani tsarin daban. Mai hayar saba, wato babbar kwamfutar da ake shiga ta intanet, a ƙasar waje wani lokacin abin da masu hayar suka ɗora shi zai tarar. Ga wanda ya gina nashi da hannu don koyo, abin da nake sa ɗalibaina su yi ko sau ɗaya ne. Duk waɗannan, mai gadin nan zai tambaye su lambar da ba a taɓa buga ta ba, kuma ba za a buga ba.

Ta ɗaya ɓangaren ma haɗin na da tsada. Shi perf yana jingine da abubuwan waje da yawa, harsunan rubuta manhaja Python da Perl da ɗakunan karanta fayilolin manhaja. In Python ya sauya, dole a sake gina perf. In perf na cikin ƙunshin kenel, to an tada kenel gaba ɗaya ke nan, rubutun da ya haura layi miliyan 30, a gina shi wa kowane irin furosesa, a sa mashi hannun tsaro na Secure Boot da kwamfuta ke dubawa kafin ta tashi, a tura wa kowa, kowa ya kashe kwamfutarshi ya kunna. Haka in ginin perf ya karye saboda wani abu na waje, gyaran tsaron da ke cikin kenel sai ya tsaya jiran shi. Kamar a ce motar asibiti ba za ta tashi ba sai an gama wanke akwatin sufana.

"Za ka ninka wa masu kula da ƙunshi aiki"

Wannan ita ce hujjar da nake girmamawa, don gaskiya ce. Ƙunshi biyu na nufin takardar gini biyu, gwaji biyu, layin ƙorafi biyu. Rubutun asali ɗaya ne, amma yanzu wuri biyu za a ajiye shi. Mutanen da ke wannan aiki ba su da yawa, wasunsu ma sa-kai suke yi bayan sun tashi daga wurin neman abincinsu. Kuma akwai haɗarin da na sani sarai: ƙunshin da aka ware zai iya zama maraya. Kenel kowa na kallon shi, ba a barin shi ya kwana. Ɗan ƙunshin kayan aiki kuwa, in mai shi ya shagala, sai ya yi wata da watanni ba a leƙa shi ba. Wanda ya zaɓi haɗa su don gudun haka ba wawa ba ne.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba. Kayan aikin nan ba sa buƙatar gini kowane mako. Sau ɗaya a kowane babban kenel ya wadatar, kusan sau 5 ko 6 a shekara, sai in wani gyaran gaggawa ya taso. Aikin da aka ƙara kaɗan ne in aka gwada da wanda aka rage wa ƙunshin kenel, da ya huta da jan Python da Perl a bayanshi.

Sannan wahalar da mai ƙunshi ya guje wa ba ɓacewa take yi ba. Rarraba ta ake yi wa dubban mutane, kowa ya sha tashi shi kaɗai a ɗakinshi, ba wanda ya gani balle ya ƙirga. Ɗalibina ya yi kwana biyu yana zaton shi ya lalata kwamfutarshi kafin ya zo wurina. Wani da ba ya da malamin da zai tambaya sai ya haƙura, ya ce Linux wahala ce, ya koma inda ya fito.

In ma rabuwar gaba ɗaya ta yi nauyi, akwai tsaka-tsaki, shi ne abin da Debian ta yi: a gina daga tushe ɗaya, amma a fitar da perf guda marar lamba, a sallami mai gadi. Bai magance tada kenel saboda Python ba, amma ya cire ƙayar da ta fi sukar mai amfani. Wanda ya yi wannan kaɗai ma na gode mashi.

Su kansu masu kenel ɗin sun fara sassauta igiyar. An fitar da libtraceevent, wani ɗan rubutu da perf ke jingina da shi, daga rumbun kenel ta koma nata. Ita libbpf, da bpftool ke jingina da ita, tana fitowa da lambarta, ta kai 1.0 a 2022, bpftool ma ya samu lambar kanshi. Tun kafin nan, da aka nemi shigar da wani kayan tada kwamfutar cikin kwamfuta mai suna kvmtool cikin jakar tools, Torvalds ya ƙi, aikin ya ci gaba da rayuwarshi a waje. To in masu gida ba su ɗauki zama ɗaki ɗaya a matsayin aure ba, don me baƙo zai ɗaura?

"FreeBSD ai tare suke haɗawa"

Haka ne, su da OpenBSD, wasu tsare-tsaren kwamfuta ne daban da Linux. Amma su gida guda ne ke ƙera kenel da kayan aikin, su fitar da su rana ɗaya a matsayin abu ɗaya, kuma ba su ce ka ɗauko kenel daga wani wuri ka ɗora ba. Linux tun asali kasuwa ce, kowa da rumfarshi, kuma ana canza kenel a bar sauran yadda suke. Taura biyu ba ta taunuwa: ba za ka ba ni 'yancin canza kenel ba, sannan ka ƙwace mani kayan aiki ranar da na canza.

"Mu da ke Katsina ina ruwanmu?"

Wani abokina da muke shan shayi tare ya ce mani, "Malam, yaran da ba su gama iya buga umarni ba kake tada jijiyar wuya a kan ƙunshin kenel? Wannan ai rigimar Turawa ce."

Na ce mashi, Alhaji, yaran ai su ne abin ya fi shafa. Gwani ya san lungun da zai leƙa, minti biyu ya wuce wurin. Ɗan koyo shi ke tsayawa cak. Muna da masu karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta tarayya a Dutsin-Ma, da Al-Qalam, da kwalejin Hassan Usman, ga ta kimiyya da fasaha a Daura. Abin da ke raba mai rubuta manhaja da mai kwafe ta shi ne iya awo: ya san me ya sa take nauyi, ina take cin batir, wane layi ne ke ɓata lokaci. Da perf ake ganin wannan. Da cpupower kuma mutum ke rage gudun furosesa don batirinshi ya kai shi ƙarshen darasi, abin da mu muka fi kowa buƙata. Ba kayan ado ba ne a wurinmu.

Kuma tsarin nan a buɗe yake, ba a tambayar fasfo kafin a karɓi ƙorafi. Masu yanke hukuncin nan abin da aka kawo masu suke gani. In duk masu rubuto masu suna da wuta dare da rana da intanet marar iyaka, to za su ci gaba da lissafa sake sauke ƙunshi a matsayin kyauta. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya faɗa masu nawa gigabait ɗaya yake a aljihun ɗalibi.

Ranar Asabar ɗalibin nan zai dawo daga Mani. Mun yi da shi za mu zauna mu rubuta wa masu kula da ƙunshin tsarin nashi rahoto: lambar kenel ɗin da ya ɗora, lambar tsohon perf ɗin da muka kira kai tsaye, da sakamakon awon da ya ba mu ba tare da ko kuskure ɗaya ba. Roƙonmu na farko ƙarami ne, in mai gadin bai samu lambar da yake nema ba, ya yi gargaɗi ya buɗe wanda ke akwai. Na biyun shi ne ƙunshi guda marar lamba. Na ce mashi shi zai rubuta da hannunshi, da sunanshi a ƙasa, ni Turancin kawai zan duba mashi.